Hular Kwanon da Ta Dawo Gida Lafiya

Ka gan shi. Kada ka ce ba ka gan shi ba, don bayansa ka hau. Hular kwano na rawa a kansa kamar an kife tukunya a kan tabarya, maɗaurinta na lilo a gefen wuya, waya a cuse tsakanin kunnensa da hular, yana tuƙi yana ciniki da wani. Ka kalli wannan duka, ka kau da kai, har ka ce masa ya ƙara wuta kana sauri. Wata rana ma kai ne kake kiransa, kana faɗa: “Wai kana ina ne tun ɗazu?” To zauna ka ji labarin wadda ta daina kau da kai, ko da yake ita ma sai da ta makara.

Tela ake ce mata a layin. Shagonta ɗaki ɗaya ne a jikin gidansu, ƙofarsa na kallon inda masu babur ke jeruwa suna jiran fasinja. Keken ɗinki ɗaya, teburin yanka, madubi mai tsaga a kusurwa, da buhu a ƙarƙashin tebur inda take zuba duk abin da almakashi ya rage. Ba ta zubar da komai. Mijinta na cikin masu baburan nan, kuma ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Inajinka ake ce masa, saboda ko a tsakiyar shataletale wayarsa ta yi ƙara, kafin ta yi ta biyu ya amsa: “Ina jin ka.” Da wannan ya tara kwastomomi, malaman makaranta da masu shaguna da matan da ke aikensa kasuwa. Duk sun san in an kira shi an same shi.

'Yan tashar suna da tasu dabara. Hula mai ɗagawa suke saya, irin wadda gabanta duka, gilashin da abin kare haɓa, ke tashi sama kamar murfin akwati. Suna da dalili: fasinja ba ya hawa bayan wanda bai ga fuskarsa ba, mai gadi ma ba ya buɗe masa ƙofa. Sai dai in sun ɗaga gaban da safe, ba sa sauke shi sai sun tashi aiki. Kuma da gangan suke sayen wadda ta fi kansu girma, su kawo wa Tela ta farke soson kumatun dama, ta ɗinka ɗan aljihu a gurbinsa daidai faɗin waya. Aikin minti goma ne. Ita ma ta ƙirƙiro shi. Mijinta ta fara yi wa, 'yan tasha suka gani suka yaba, suka yi layi.

Sati uku da suka wuce, Auta, ƙanen mijinta, wanda shi ma babur yake ja kuma a gidansu yake zaune, ya faɗi. Da hantsi ne, wani ya buɗe ƙofar mota bai waiwaya ba. Auta ya rabu da babur, haɓarsa ta sami gefen kwalbati, muƙamuƙi ya karye wuri biyu. Likitoci suka ɗaure masa haƙoran sama da na ƙasa da zaren ƙarfe, suka ce sati shida ba tauna, ba hamma, ba dariya. Yanzu yana kwance a ɗakinsa, Tela na tace masa romo da madara yana zuƙa da 'yar roba ta gibin haƙorin da ya fita.

Hularsa kuwa, a kan buhunan wani mai lemo ta sauka, can ɗaya gefen titi. Mutumin kirki, ya kawo musu ita har gida. Baƙa ce mai sheƙi, da zanen harshen wuta a gefe. Ko ƙwarzane babu.

Ita Inajinka yake gogewa da tsumma ran Alhamis da safe a bakin shago, lokacin da Tela ta fito shara. Tasa an ɗauke ta a kan babur a bakin asibiti lokacin jinya. Ran Asabar zai koma hanya, don sati uku ke nan keken ɗinki kaɗai ke ci da gidan.

“Me za ka yi da wannan?” in ji Tela.

“Me ake yi da hula? Dubi nan, don Allah. Mutum ya tashi sama ya faɗo, amma ko fenti bai ɗaye ba. Masu cewa mai arha ce, su zo su gani.”

“Sa ta mu gani.”

Ya sa, ya juya mata hagu da dama kamar mai tallan kaya. Ta jingine tsintsiya, ta zagaya bayansa, ta sa yatsu biyu a bakin hular ta wajen ƙeya, ta tura sama. Hular ta mirgino ta goshinsa ta faɗo a cinyarsa. Ko ƙarfi ba ta sa ba.

“Ai ban ɗaure ba,” ya ce.

“Ɗaure.”

Ya lalubi maɗaurin, ya same shi a naɗe cikin soso, har yanzu da robar kanti a jikinsa. Sai da ya ɓata lokaci kafin ya gano yadda ake sa shi. Ta sake turawa. Wannan karon hular ta zamo ta rufe masa ido har karan hanci, ta karkace ta dama inda babu soso.

“Maigida,” ta ce, “ba ƙarfi ne ya hana ta ƙwarzanewa ba. Ba ta wurin ne. Ta riga Auta sauka, ta tafi abinta, ta bar shi da kwalbati.”

Ya cire hular ya riƙe, yana kallon zanen wutar. “To in fita da kai tsirara?”

“Gobe mu shiga kasuwa.”

“Da wane kuɗi?”

Akwai ɗan abin da take tarawa don ta sa wa kekenta injin lantarki. In aka auna shi da awon masu babur, cika tanki biyar ne, ba ƙari. Ya ce ta bar shi, gwiwarta ce ke ciwo kullum. Ta ce ƙafar da ta yi shekara tara tana taka keke ba za ta gaza ta goma ba. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: sai mai ɗagawa, shi ba zai sa wadda ke rufe fuska ruf ba, fasinja su ɗauka ɗan fashi ne. Ta yarda, don a nan yana da gaskiya.

Shagon mai huluna siriri ne kamar lungu, hulunan na rataye daga rufi sai mutum ya sunkuya. Mai shagon dattijo ne da tabarau a kan hanci. Yana ganin tafiyar Inajinka ya gane sana'arsa.

“Sannu da zuwa, Direba. Mai ɗagawa ko? Babba kake so ko babba sosai?”

“Daidai kai muke so,” in ji Tela.

Ta zaro tef ɗin awo daga wuyanta, ta ce wa mijinta ya tsaya cak. Ta zagaya kansa da shi, sama da gira kaɗan, ta inda ƙeya ta fi tudu. Inci ashirin da biyu da rabi. Ta juya bayan tef ɗin ta karanta irin lambar da ake rubutawa a jikin huluna: hamsin da bakwai. A bayan ta Auta sittin da biyu aka rubuta, kuma kan Auta bai kai na yayansa ba.

“Hajiya, riga za a ɗinka masa ne?” in ji mai shago.

“Da riga ce da na bar masa ɗan sarari, Baba. Sauko mana da mafi tsada a shagon.”

Inajinka ya taka mata ƙafa. Ba ta kula ba. Mai shago ya sauko da wata fara marar nauyi, ya faɗi kuɗinta, kuɗin da ya fi na tayoyi biyu da sarƙa da birki a haɗe. Tela ba saya za ta yi ba. In kwastoma ya kawo mata rigar kanti ya ce irinta yake so, juya cikinta take yi ta ga yadda aka haɗa. Haka ta yi wa hular. Ta ɗaga yadin ciki ta ga farin abu mai tauri, irin wanda ake sa wa sabon firiji a kwali, kaurinsa yatsu biyu, ya zagaye kan duka har cikin abin kare haɓa. Ta ɗaga gaban ta leƙa makullin: ƙugiyoyin ƙarfe biyu, hagu da dama, suna kama ƙusoshin ƙarfe. Ta bi maɗaurin da yatsa har inda aka kafa shi a jikin ƙoƙon hular. Ta mayar masa.

“Na gode. Yanzu kawo mafi arha.”

Ya miƙo 'yar'uwar ta Auta, ja ce kawai. Kuɗin tanki biyu. Idon Inajinka ya yi haske.

“Wannan ita ake yayi,” in ji mai shago. “Ga tambarin gwaji a baya.”

Tela ta sa farce a gefen tambarin, ya ɗago kamar takardar alewa. Ta ɗaga yadin ciki: soso ne mai laushi, sai wani siririn abu da bai kai kaurin silifa ba. Cikin abin kare haɓa kuwa wayam, roba ce zalla. Ta rufe gaban, ta buɗe, ta rufe, ta buɗe, yadda take gwada zif kafin ta sa wa rigar mutane. A na goma sha wani abu makullin ya fara sassautawa. Ta rufe, ta sa tafin hannu ƙarƙashin haɓar ta buga sama sau ɗaya, ba ta taɓa maɓallin buɗewa ba. Gaban ya tashi.

“Hajiya! Saya za ki yi ko kashe mini kaya?”

“Ni da hannu na buga, Baba. Titi ba da hannu yake bugu ba. Ƙugiyar roba ce, guda ɗaya. Ba ka da mai makullin ƙarfe irin na farar can, wadda talaka zai iya?”

Dattijon ya dube ta ta saman tabarau. Sannan ya jawo tsani, ya hau, ya tura kwalaye gefe, ya sauko da wani da ƙura ta rufe. Ya hure shi, ya buɗe. Hular ciki rawaya ce shar, ba zane, ba sheƙi, ba gilashi mai duhu.

“A'a,” in ji Inajinka. “A'a, wallahi. Kabewa?”

“Shekara biyu tana nan,” in ji mai shago. “Guda shida na kawo, baƙaƙen sun tafi, wannan ta ƙi. Ta fi farar nauyi, kuma za ka ji iska na ƙara a ciki. Amma makullinta ƙarfe ne.”

Tela ta yi mata duk abin da ta yi wa sauran. Farin abu mai tauri yana nan, har cikin haɓa. Alamar gwajin ba manne ta aka yi a baya ba, ɗinke ta aka yi a jikin maɗauri, kuma ɗinkin na masu sanin aiki ne. Ta buɗe ta rufe sau talatin, kowane rufi sai ta ji ƙas ta hagu da ƙas ta dama. Ta buga haɓar da tafin hannu har hannun ya yi ja. Ba ta motsa ba. Lambar baya: hamsin da bakwai zuwa da takwas.

“Sa.”

Sai da ya ja gefen biyu ya buɗa kafin kansa ya shiga. Kumatunsa suka tattaro, leɓɓansa suka turo gaba.

“Na zama kifi,” ya ce. “Ko yawu ba zan iya tofarwa ba.”

“Soson zai kwanta nan da sati biyu,” in ji mai shago. “In ba ta danna maka goshi, daidai ce.”

Tela ta ɗaure masa har ya rage wurin yatsa ɗaya ƙarƙashin haɓa. Ta zagaya baya ta tura da yatsu biyu, sannan da hannu biyu. Kansa ne ya sunkuya, hular ba ta bar shi ba. Ta ce ya girgiza. Ya girgiza, fatar goshinsa na tafiya tare da ita.

Mai shago ya ce tanki shida. Ta ce biyar take da shi, kuma in ya bar ta ta fita, kabewarsa za ta ƙara shekara biyu a sama. Ya yi dariya ya sallama. Yana sa hular a kwali yana magana, kamar mai wanke kansa.

“Kin san ba laifinmu ba ne. In na kawo daidai kai, ba sa saya. Babba suke nema, saboda waya. Akwai ma wata tela, an ce, can wajen tasharsu, ita ke farke musu soso ta yi musu aljihu. Duk wanda ya zo sai ya ce a ba shi wadda za ta ɗauki aljihun tela. Allah ya shirye ta.”

“Amin,” in ji Tela.

Inajinka ya dubi fuskarta, ya ɗauki kwalin. Suka iso gida. Ta ɗauki rigar aikinsa ta ɗinka aljihu mai zif a ƙirji, ta ce nan ne ɗakin waya daga yau. In ta yi ƙara, ya sami gefen titi, ya tsaya, ya ɗaga gaban hular, ya amsa. In zai tashi, ya sauke har ya ji ƙas ɗin nan biyu.

Ran Asabar ya fito da babur, tashar ta kaure da ihu.

“Jama'a, kabewa ta nuna!” in ji wani dogo da ake ce wa Babu-Birki. “Anti Tela, a ina kika shuka wannan? A yanka mana mu raba!”

“Ka bari ta ƙara ƙwari,” in ji Tela daga bakin shago. “Kai taka ma ƙwarya ce, ba mu yi magana ba.”

Tana kallo ya ɗauki fasinjan farko. Ya sauke gaban hular kafin ya tashi. Ta koma kan keke.

Wajen ƙarfe uku ya dawo, da sauran rana sosai. Bai yi sallama da kyau ba. Ya cire hular, kumatunsa da shatin soso, ya ajiye ta a kan teburin yanka, ya jawo babban almakashi ya ajiye a gefenta.

“Cire.”

“Me ya faru?”

“Malama ta tafi. Shekara huɗu ni nake kai ta makaranta, ni nake kai ta kasuwa. Ta kira ni sau uku ina kan gada da fasinja, ba wurin tsayawa. Kafin in sauka in kira ta, ta hau bayan Babu-Birki. Kin san me ta ce? ‘Ai na ɗauka ka daina aiki.’ Mai kantin magani ma ya kira, ya ba wani. Ni da waya nake ci. Ki cire soson nan ki sa aljihu. Zan riƙa ɗaurewa, na yi alkawari.”

“Ka ga yadda ta Auta ta karkace a kanka, kuma a ɗaure take.”

“To in ba za ki cire ba, akwai mai gyaran takalma a kwana. Reza gare shi.”

Gaskiya ya faɗa, ta kuma san haka. Ba ta da ikon tsare hula dare da rana. Ta dubi almakashin, nata ne, ta san nauyinsa a hannu. Sai ta durƙusa ta jawo buhun nan na ƙarƙashin tebur, ta kama gindinsa ta zazzage a tsakar shago. Ƙyallaye suka zubo, guntayen zif, tsofaffin maɓallai. A cikinsu ta fara tsintar guntayen soson da ta cire daga huluna, tana jerawa a kan tebur gefen sabuwar hular. Baƙaƙe, masu toka-toka, wasu da jan baki. Duk na dama ne. A bayan kowanne akwai sunan mai shi da biro, don ita ko ƙyallen mutum ba ta ajiyewa ba alama. Ashirin da shida suka zama.

Ta ɗauki ɗaya ta miƙa masa. Ya juya ya karanta: sunan Auta ne.

“Da hannuna na farke shi,” ta ce. “Yana tsaye a inda kake, yana ce mini, ‘Matar Yaya, yi sauri ana jirana.’ Na ce masa ya sayo babba, ƙarama ba ta ɗaukar aljihu. Ni na faɗa masa. Kullum ina tace masa romo ina tunawa. Ka kai wa mai takalma in kana so, ba zan riƙe ka ba. Amma almakashina ya gama wannan aikin.”

Inajinka ya zauna a kan bencin kwastomomi, soson a hannunsa. Ya daɗe yana matsa shi yana saki.

“Ni ne a wayar,” ya ce.

“Wace waya?”

“Lokacin da ya faɗi. Ni na kira shi. Na ji ƙarar, na ji mutane na salati, ina ta cewa Auta, Auta. Ban gaya wa kowa ba.” Ya shafa fuska. “Famfon iska nake nema. Shi ke nan abin da na kira in tambaya. Famfon iska.”

“Yana ƙarƙashin gadonka.”

Suka waiwaya. Auta ne tsaye a ƙofar da ta haɗa shagon da cikin gida, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kofi a hannu da 'yar robarsa. Maganar ta cikin haƙora take fita, a matse, sai an kasa kunne.

“Tun ranar nake son in gaya maka, Yaya. Ƙarƙashin gadonka, bayan akwati. Kai ka ajiye.”

Ba wanda ya yi dariya, sai Auta da ya fara, ya dafe muƙamuƙi, hawayen zafi suka zubo. Tela ta ce ya koma ya kwanta kafin ya tsinke aikin likita. Bai koma ba. Ya tako ya ɗauki hular rawaya, ya juya ta, ya sauke gaban. Ƙas, ƙas. Ya ƙwanƙwasa haɓar da yatsa, sannan ya taɓa tasa haɓar a hankali. Ya miƙa wa yayansa.

Inajinka ya karɓa. Ya ɗauki almakashin ya rataye shi a ƙusarsa a bango.

“Malama ta tafi ke nan,” ya ce.

“Wataƙila,” in ji Tela. “Ka gaya wa sauran tun yanzu. In ba ka ɗauka ba kana kan hanya, za ka kira.”

“Sunana fa?”

“Zankiraka,” in ji Auta ta cikin haƙora.

Washegari Tela ta ɗaura igiya a ƙofar shago, ta shanya guntayen soson nan da maƙalan shanya, sunaye na kallon tasha. Ta ce duk mai so ya kawo hularsa ta mayar masa kyauta. Ba ta yi musu ƙarya ba: ta gaya musu soso ba zai mai da babbar hula ƙarama ba, ragi kawai zai yi, kuma duk mai son awon kansa ga tef. Mutum tara suka kawo. Uku suka tsaya ta auna su. Sauran suka riƙa wucewa ta gaban igiyar suna kallon wani wuri. Babu-Birki ya sayi sabuwar hula a satin, babba sosai, ya kai wa mai takalma. Malama ba ta dawo ba.

Ran Litinin da hantsi baƙin zare ya ƙare mata a tsakiyar ɗinki. Ta ɗauki waya ta kira mijinta, kamar yadda ta saba, kafin ta tuna. Ta yi ƙara ɗaya, biyu, uku. A shekarun aurensu ba ta taɓa jin ta uku ba. Ta yi ta ƙara har ta katse. Tela ta tsaya da wayar a hannu, ƙafarta a kan matakin keke, zuciyarta na kawo mata ƙofar mota da gefen kwalbati. Yatsanta ya koma kan sunansa zai sake dannawa. Ta kife wayar a kan tebur, ta ɗora hannu a kai.

Minti huɗu suka wuce. Wayar ta yi ƙara. Ta ji hayaniyar motoci, da numfashinsa kusa.

“Na tsaya,” ya ce. “Ina jin ki.”

“Baƙin zare. Babba guda biyu.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan. Ka rufe kafin ka tashi.”

Soso goma sha shida na nan a kan igiya har yau, ban da na Auta da ta ajiye a aljihun keke. Masu su suna kan titi yanzu haka, kuma ɗayansu kai zai ɗauka gobe da safe. Kafin ka ɗaga ƙafa ka hau, dubi ƙarƙashin haɓarsa. In maɗauri na lilo, ce masa ya ɗaure. In gaban hular na sama, ce masa ya sauke har ka ji ƙarar makulli da kunnenka. In waya na cuse a kumatunsa, ce masa ya cire, in ya ƙi ka nemi wani kuma ka gaya masa dalili. Ran da kai ne kake kira bai ɗauka ba, kada ka sake kira, kada ka ba wani aikin. Kife wayarka, ka jira shi minti huɗu.